Zumar Bayan Kicin

Rabi, in kin ga ina kuka kada ki ajiye biro. Ki bar ni in yi abina, ke ki ci gaba da rubutu. Na kai shekarun da ba na ɓoye hawaye, kuma abin da zan faɗa yau ba zai fito ba sai da su. Ku kuma sauran 'ya'yana da jikoki, masu karantawa da waɗanda za a karanta wa irina, akwai wata magana da kuke yi a kan mahaifinku, Allah ya jiƙansa, da nake so in gyara kafin in bi shi. Kuna cewa mutumin kirki ne, sai dai ya zaɓi ƙudan zuma a kan 'ya'yansa. Ban taɓa tsawata muku ba, don ni ma abin da ke raina ke nan har ya koma ga Allah.

Ƙananan cikinku kangon kawai suka sani. In ka baro titin da ya haɗa Karaye da Rogo ka gangaro garinmu, shi ne ginin da za ka fara gani, ba rufi, ba ƙofa, tagogi a hangame, awaki kwance a inda malamai suke tsayawa. To, ni a can aka kai ni amarya. Lokacin sakandaren kwana ce ta maza, cike da yara daga ko'ina, har da waɗanda Hausa ba ta zauna a bakinsu ba. Mahaifinku shi ne babban mai dafa musu abinci, shi ya sa har ya rasu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Malam Kuku. Ɗaki ɗaya aka ba mu da 'yar rumfa a gefen kicin. Tun asuba zan ji ana faskare, sai hayaƙi ya turnuƙe, sai a buga ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin darbejiya, yara su kwararo suna ƙwanƙwasa kwanuka da cokali. Tuwon da yake tuƙa musu gabza suke ce masa. Su zage shi, su cinye, su dawo roƙon ƙanzo. Muciyarsa ta fi ni tsawo. Garin ma a raye yake a lokacin. Ranar kasuwa motocin gyaɗa har bakin makaranta suke yin layi, masu ƙosai da gurasa ba sa komawa gida da saura, telan garin ba ya ɗaga kai daga keke saboda kayan 'yan makaranta.

A shekarar farko na samu ciki. Wanda bai sani ba ya sani yau: Habibu ba shi ne ɗan farina ba. Matan gari sun sha yi mini gori, wai wace irin mace ce ni da nake kama sunan ɗan fari gatsal ba kunya. Dariya kawai nake yi in wuce.

Bisa al'ada gidanmu za a kai ni, can wajen Kafin Dafga, in haihu a gaban uwata. Amma naƙuda ta riga lokacinta, cikin bai cika ba. Tsakiyar damina ce, rafin da ya raba makaranta da gari ya cika ya batse, ko ƙato ba ya haye shi. Matar wani malami ce ta karɓi haihuwar. Namiji ne, ɗan ƙanƙani. Na ji kukansa siriri kamar na ɗan kyanwa, na ga tafin ƙafarsa. Iyakar abin da na samu ke nan, don zazzaɓi ya kwashe ni, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo, sai na hangi zanin da aka naɗe shi a ciki an wanke an shanya a igiya. Ba wanda ya ce da ni komai, ni ma ban ce ba. Da ruwa ya janye, gwaggona ta zo ta tafi da ni gida wankan jego. A hanya ne na kasa daurewa.

Na ce, "Gwaggo, ina aka sa shi?"

Ta ce, "Rufe mini baki, marar kunya. Ɗan fari ne fa. Ko yana raye ba kya kama sunansa, ba kya ɗaukarsa a gaban mutane, balle ya koma ki zauna kina tambaya. Wanda bai kai ranar suna ba baƙo ne, ya leƙo ya juya. Kada in ji kin tayar wa mijinki da wannan magana."

Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, ku ɗauke shi hoto a waya kuna nuna wa duniya, ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Mu haka aka raine mu. Uwa ba ta nuna son ɗan fari, uba ma haka, ana ganin rashin ta ido ne. Da na gama wanka na dawo, mahaifinku ya karɓi ƙullin kayana ya ce sannu da hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya koma wajen tukwanensa. Na jira ya ce wani abu a ranar, bai ce ba. Na jira wata, na jira shekara. Sai na yanke a raina cewa shi a wurinsa ɓari ne kawai na yi, ya manta.

Abu ɗaya na sani. Maƙabarta tana ƙetaren rafi, ranar kuwa ba a haye rafin, don haka yaron yana cikin shingen makaranta. Na shiga dube-dube a ɓoye. Duk inda na taka a filin nan sai in ji kamar in ɗage ƙafa. Wata rana na je ɗiban ruwa, sai na ga wani ɗan tudu a bayan masallacin ɗalibai, ta gabas, tsawonsa bai fi na jariri ba. Na tsaya cak. Na ce nan ne, ina za a sa yaro in ba kusa da masallaci ba? Daga ranar duk sanda zan je rijiya ta nan nake bi, in rage tafiya, in yi addu'a a cikina. Da damina in tsuguna in cire masa ciyawa kamar mai tsinkar tafasa. Ba wanda ya taɓa lura.

A wannan shekarar ce kuma mahaifinku ya tsiro da kiwon zuma. Akwai wata tsamiya a bayan kicin, jikin bango, inda yara suke zagayawa su yi fitsari in sun ƙi tafiya bayan gida. Ya saƙa amya da ciyawa, Buba maigadin makaranta, wani Bafillace abokinsa, ya kawo masa kashin shanu suka shafe ta, suka turara, suka ɗaga ta can tsakanin rassa. Ba a daɗe ba zuma ta shiga. Yaran da suka zagaya suka fito da gudu wando a hannu. Shugaban makaranta ya kira shi ya yi ta faɗa, shi kuwa da aka yi ɗiban farko ya cika kwalba ya aika masa, magana ta mutu. Daga nan ba ɗalibin da ya ƙara bi ta bayan kicin. Ni ma ban bi ba, tsoron harbi nake yi. Daga baya ya ƙara wasu amyoyin a daji, zumarsu yake kaiwa kasuwar Rogo. Amma ta tsamiyar nan bai taɓa sayar da ko cokali ba. Duk bazara zai shigo da ita a ƙwarya, da saƙarta, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ga na bana."

Ya juya ya fita. Ni kuwa in bi bayansa da harara, ina cewa a raina, mutumin da ba ya manta lokacin zuma amma ya manta ɗansa. Sai dai ina shan abata, ban taɓa mayar masa ba.

Muna nan aka haifi Habibu, aka haifi na bayansa. Sai aka yi sabon titi, ya bi ta can nesa ya bar mu a lungu. Kasuwa ta tashi ta koma bakin titi, masu shago suka bi ta, samari suka bi masu shago. Iyaye suka daina turo yara, ɗakunan kwana suka fara zama fayau, tukunyar da a da sai ƙarti sun kama aka koma dafa rabinta. Rannan sai labari ya zo daga sama cewa za a rufe makarantar, a haɗa ɗalibai da ma'aikata da wata a wajen Rogo. A shekarar ne Habibu ya gama firamare, kuma kowa ya san kansa yana ja. Ya riga ya gama shiri a ransa, zai shiga sakandaren da ubansa yake aiki, har ya fara gwada tafiyar manyan ɗalibai a tsakar gida. Muna cin tuwo da yamma a rumfa mahaifinku ya yi maganar, bai ko ɗago kai ba.

Ya ce, "Ni ba zan tafi ba."

Habibu ya ce, "Baba, an ce har gida za a ba mu a can."

"Na ji."

Na ce, "Malam, aikin fa? Yaron nan fa?"

Ya daɗe yana juya loma a cikin miya, sannan ya ce, "Wa zai duba zumar?"

Na ce, "Zuma? A Rogo babu itatuwa ne? A sauke amyar a ɗora a mota tare da tukwane."

Ya ce, "Wannan ba a sauke ta."

Habibu ya mayar da lomarsa cikin kwano ya tashi. Tun daga ranar zuma ba ta ƙara shiga bakinsa ba, ko a magani aka sa sai ya ƙi. Ni kaina zuciyata biyu ta rabu. Ina jin zafin yaron, ina kuma jin wani sanyi a ɓoye cewa ba zan bar ɗan tudun nan na bayan masallaci ba. Ba zan iya faɗar na biyun ba, sai na yi ta faɗar na farkon, na yi ta mita har na gaji.

Abin da ya biyo baya kun sani, don a jikinku ya ƙare. Ya ajiye aiki, muka koma cikin gari, ya kama noman dawa da gyaɗa da hannun da ya saba da muciya. Habibu ya yi ta zuwa wata makarantar jeka-ka-dawo mai nisa a kan tsohon keke, keken ya mutu, karatun ya bi shi. Ya tafi Kano koyon gyaran mota yana yaro, ya kwana a gareji, ya sha wuya. Da guminsa ke Rabi da ƙannenki kuka yi karatun da shi bai samu ba. Kada wanda ya manta wannan.

Makaranta kuwa a kan idonmu ta mutu. Iska ta fara ɗaga kwanon rufi, hannaye suka ƙarasa. Aka cire ƙofofi, aka cire tagogi, aka kwashe gadajen ƙarfe, har ƙarfen da ake bugawa wani ya sauke. Masu gawayi suka bi darbejiyoyin nan suka sare tas. Daga baya mai son bulo ya zo da amalanke ya rushe abin da zai ishe shi. Wuri ɗaya ne ba a taɓa ba, tsamiyar nan da bangon kicin na baya. Wani ya taɓa zuwa zai ɓalle kwanon wurin, zuma ta bi shi har cikin rafi, sai da ya yi kwanaki matarsa ba ta gane fuskarsa ba. Mahaifinku kuwa kullum in ya idar da sallar asuba can yake fara zuwa kafin gona. In ya ɗauki sandarsa sai in ce, "Za a je gaida manya?" Ya yi murmushi ya fita. Ranar da zai cika, bayan kaka, ina zaune a kansa, ya kama hannuna yana ƙoƙarin magana.

Ya ce, "Zumar nan... kada a bari..."

Na ce, "Malam, yi salati, bar zancen zuma."

Ya yi salatin. Dakata, Rabi. To, ci gaba.

Na fita takaba bazara ta kama, Habibu ya zo daga Kano zai tafi da ni. Daidai lokacin dagaci ya raba filin makarantar ga manoma aro, tunda ya daɗe a banza. Wanda kasonsa ya faɗo wajen kicin ya zo ya sami Habibu, ya ce ba zai iya shiga da shanun huɗa ba sai an kori zumar Malam Kuku, kuma yana so a sare tsamiyar don inuwarta za ta kashe masa shuka. Habibu ya ce ko yau. Aka nemo wani mai ɗiban zuma, aka tsayar da magariba ta ranar Alhamis za a sa wuta, washegari masu gatari su shiga. Da aka tambaye ni na ce su yi yadda suka ga dama. Ni hankalina yana bayan masallaci. Kullum in kwana da niyyar zuwa wurin dagaci in roƙe shi a bar mini tudun nan, gari ya waye bakina ya yi nauyi. Tsohuwa da jikoki, amma muryar gwaggona tana kunnena kamar jiya ta yi maganar.

Ranar Talata na lallaɓa na je. Babu tudun. Wanda aka ba wajen ya kwashe shi da shebur ya loda a amalanke zai yi yaɓe, wurin ya zama shafe kamar tafin hannu. Ban san sanda na ƙwalla ƙara ba. Na zube a ƙasa ina tono da yatsu, ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinku ya rasu. Mutane suka taru, ana ta a'uziyya, ana cewa mutuwar miji ta taɓa mata kai. Habibu ya ɗauke ni cak ya kai ni gida, yana tambaya me na jefar a wurin. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, ko ruwa da ƙyar nake sha.

Ranar Alhamis bayan azahar na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai wata murya da na yi shekaru ban ji ba.

"Salamu alaikum! Ina Amarya? Ina Amaryar Kuku?"

Buba ne maigadi. Tun da aka rufe makaranta ya koma rugarsu wajen Zoza, ya tsufa tukuf, idonsa ya yi fari, ko gaisuwar mutuwa ɗansa ya aiko. Tun ranar da aka kawo ni yake ce mini Amarya, bai taɓa canzawa ba. Na fito na shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Na ce, "Wace amarya kuma, Buba, baki ba haƙori?"

Ya ce, "Ni da ba ido ai daidai ke nan. Yadda na bar ki haka nake ganinki."

Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi yara, na tambayi shanu. Sai ya ce surukarsa mai tallan nono ce ta kai masa labari, wai matar Kuku ta faɗi a bayan masallacin makaranta tana tonon ƙasa.

Ya ce, "Me kika ajiye a wurin?"

Na kawar da kai.

Ya ce, "Amarya, ni tsoho ke tsohuwa. Waɗanda za mu ji wa kunya duk suna ƙasa. Faɗi."

Na ce, "Ɗana."

Sai tsohon nan ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ina kallonsa kamar in ɗauki taɓarya. Da ya ɗago sai na ga hawaye ne ke bin gemunsa.

Ya ce, "Wayyo Amarya. Wannan ai ragowar yashin ginin masallaci ne. Da jakina aka kwaso shi daga rafi."

Na ce, "Yashi? Buba, tun ina yarinya nake yi wa wurin nan addu'a."

Ya ce, "Ba ta ɓata ba, wanda kika roƙa ya san inda zai kai ta. Yaronki yana gindin tsamiya, jikin bangon kicin. Ni na haƙa, limamin makaranta ya yi salla, Kuku ya sa shi da hannunsa. Nan ne kawai ruwa bai kwanta ba ranar."

Buba ya ci gaba. Ya ce bayan an yi haka mahaifinku ya ga yara suna fitsari a wurin, ya kore su ya gaji, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce ɗan farinsa ne a nan ba. Shi ne ya zo ya same shi ya ce, Buba, nemo mini kashin shanu, zan ɗauki masu gadin da ba sa barci irinka. Ya ce da aka zo rufe makaranta shi Buba ya yi masa faɗa sosai a kan ya bi aikinsa, mahaifinku ya ce in ya tafi zuma za ta watse, a sare itacen, a yi gona a kan yaron.

"Na ce masa to ka faɗa wa uwarsa mana. Ya ce, Buba, yarinyar nan ba ta taɓa tambayata ba ko sau ɗaya. Allah ya cire mata abin a rai. In na tayar, na sake yanka ta ne."

Ku ji fa. Ni ina cewa ya manta, shi yana cewa na manta. Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, har furfura.

Buba ya ce, "Kin ma san sunansa?"

Na ce, "Ai bai kai suna ba."

Ya ce, "Bai kai yanka ba dai. Ina tsaye a bakin rumfa ubansa ya ɗauke shi ya yi masa huɗuba, ke kina can ba kya ji ba kya gani."

Ya faɗa mini sunan. Na maimaita shi a cikina, ina jin wani abu da ya daɗe a ƙirjina yana saukowa. Ba a taɓa yaron ba. Yana nan inda ubansa ya sa shi. Sai kuma na zabura.

Na ce, "Buba, yau wace rana?"

Ya ce, "Alhamis."

Ban tsaya neman takalmi ba. Mai babur ɗin da ya kawo shi yana ƙofar gida, na haye na ce makaranta, ni da ban taɓa yarda da babur ba. Na tarar da Habibu da mai ɗiban zuma a inuwar wani rusasshen aji suna ɗaure kara dami-dami, wanda za su kunna in rana ta faɗi. Na wuce su na nufi tsamiyar.

Habibu ya ce, "Inna! Ina za ki? Dawo, za su harbe ki!"

Sun kuwa harbe ni, ɗaya a wuya ɗaya a hannu, ban tsaya ba. Tunda aka ɗaga amyar nan ban taɓa zuwa gindin itacen ba sai ranar. Ga wasu duwatsu ƙanana an jera an nutsa su cikin ƙasa, in ba ka zo kusa ba ba za ka gani ba. Ga wani bulo a gefe, samansa ya yi sumul saboda zama. Ga guntuwar tsintsiya a soke a jikin bango, rana ta cinye ta. Na durƙusa na dafa ƙasar. Habibu ya biyo ni da riga a ka, yana jan hannuna.

Na ce, "Habibu, ka taɓa tambayar kanka me ya sa nake kiran sunanka ba kunya?"

Ya ce, "Inna, tashi mu bar nan tukuna."

Na ce, "Yayanka ne a nan. Shi ubanka yake gadi."

Ya saki hannuna. Na faɗa masa komai a tsugune, zuma na shawagi a kanmu. Ya juya ya ɗaga murya ya ce da mai ɗiban zuma ya kwance karansa ya tafi, an fasa. Sannan ya dawo ya zauna a kan bulon nan na ubansa, ya sauke rigar daga kansa, ya daɗe yana kallon duwatsun.

Ya ce, "Da ya faɗa mini, Inna. Wallahi da ya faɗa mini, ko da ƙafa sai in yi ta zuwa makarantar nan ban ji haushinsa ba."

Ba na ce muku mahaifinku ya yi daidai ba ne. Mai rai ya biya wa wanda ya tafi, kuma ba a tambaye shi ba. Abin da nake cewa kawai, ba ƙwari ya zaɓa a kanku ba. Ɗa ne shi ma, kuma shi kaɗai ne cikinku ba shi da kowa sai ubansa.

Washegari Habibu ya je wurin dagaci da kansa, ya faɗi abin da ni da ubansa muka kasa faɗa, a gaban mutane, ba wanda ya ce masa marar kunya. Aka yanke wa manomin wani yanki a gonarmu a madadin wajen. Habibu ya kwaso bulo daga ajujuwan da suka zube ya kewaye gindin tsamiyar, ɗan Buba ya karɓi kula da amya. Sannan na ce a ɗaura mini kayana. Na shiga motar Kano, muka bi ta gaban kangon, na kalle shi ban ji komai ba sai sauƙi. Kafin mu kai Karaye barci ya ɗauke ni, irin wanda na manta rabona da shi.

Da bazarar nan da ta wuce Habibu ya ce zai je gida. Ashe wajen tsamiyar ya je ya dage sai shi zai hau itacen, ɗan Buba yana ba shi haƙuri ya ƙi. Ke Rabi kina nan ya dawo, ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an hura, matarsa na dariya har da riƙe ciki, tana cewa Alhaji, ai gara ka tsaya a gyaran mota. Ya wuce ta bai kula ba, ya durƙusa ya ajiye ƙwarya a gabana. Bakin bai buɗuwa sosai, amma na ji abin da ya ce.

"Inna, ga na bana."

Ya sa yatsa ya lasa kafin ni.

To, duk inda kika jera sunayenku a littafin nan, Rabi, ki fara da nasa. Yusufu. Kin ji na faɗa da bakina, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Nuna mini inda kika rubuta shi in sa yatsana a kai.